Kalma Ɗaya ta Alwyn Bellis

Shekara talatin da takwas Alwyn Bellis ya yi yana tuƙa bas tsakanin Fflint da Rhyl, kuma abin da yake taƙama da shi har ya ajiye aiki shi ne bai taɓa tafiya ya bar fasinja a tasha ba. In ya hango tsohuwa tana jan ƙafa da jakar cefane, sai ya taka birki ya jira ta, na cikin mota su yi ta tsaki har su gaji. Mutum ne na agogo da takarda. Ka tambaye shi bas ɗin ƙarshe na ranar Lahadi, ya faɗa maka har da mintinsa. Ka tambaye shi abin da ke damunsa kuwa, sai ya miƙe ya je ya ɗora ruwan shayi. Wannan mutumin ne, yana da shekara sittin da tara, ya ba da sunansa a makarantar kwana ta mako guda don koyon Walshanci, harshen matarsa. Ba sha'awa ce ta kai shi ba. So yake ya san abin da matarsa ta ce masa kafin ta cika.

Eirlys 'yar can yamma ce, daga wani ƙauyen masu kiwon tumaki a bakin teku, inda ko kare da Walshanci ake korar sa. Shi kuwa Alwyn irin namu ne na bakin iyakar Ingila. Kakarsa tana jin harshen, uwarsa ta tsinci rabi, shi aka bar shi da suna kawai. A cikin bas ɗinsa suka haɗu, lokacin tana aiki a masaƙa. Kullum sai ta makara, kullum sai ya jira ta, har fasinjojin safe suka fara yi musu tafi in ta shigo tana haki.

Ya taɓa gwada harshen nata sau ɗaya, a ba shi haƙƙinsa. Ranar da zai fara zuwa gidan surukai, mako biyu ya yi yana haddace jimla guda ta godiyar abinci. Da aka gama ci ya gyara murya ya saki. Sai Nesta, yayar Eirlys, ta fashe da dariya har shayi ya fito mata ta hanci. Uban ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa. Har yau Alwyn bai san me ya faɗa ba. Abin da ya sani shi ne ya rufe bakinsa daga ranar, kuma shi mutum ne da in ya rufe ƙofa ba ya waiwaye. Eirlys ba ta matsa masa ba. Ta mayar da gidan gidan Turanci, ta ajiye harshenta don wayar Lahadi da Nesta, da ƙirgen zare in tana saƙa, da yi wa kyanwa faɗa.

Kalma ɗaya ce tak ta tsira a tsakaninsu: panad, wato kofin shayi. Da ta ji ƙarar ƙofar lambu, kafin ya cire hula, sai ta ɗaga murya daga kicin, "Panad?" Shi kuma ya amsa, "Panad." In sun yi faɗa da ita ake shiryawa. Ranar da likita ya gaya musu ba za su haihu ba, sun dawo gida babu mai cewa uffan, sai da ya ce "Panad?" sannan ta samu ta yi kukanta. Shekara arba'in da ɗaya aka yi a haka, kuma ni dai ban ce auren bai yi daɗi ba. Na san masu jin harshe uku-uku da suke jifan juna da kwano.

Da ciwon daji ya kwantar da ita, aka sauko da gado falo don ba ta iya hawa bene. A makonni ukun ƙarshe Turancin ya fara zube mata. Da farko kalma nan kalma can, daga baya gaba ɗaya. Tana magana da silin, tana magana da uwarta da ta rasu tun tuni, wani lokacin ta juyo ta dube shi ta yi doguwar magana a hankali, irin wadda ake yi wa wanda aka amince da shi. Shi kuwa sai gyaɗa kai. Ya gyara matashi, ya ja labule, ya sake gyara matashin da ya gyara. Zama kusa da ciwo ba tare da abin yi a hannu ba, wannan ne Alwyn bai taɓa iyawa ba.

Ranar Alhamis ce, wajen ƙarfe uku na yamma. Nas ta tafi tun sha biyu, sai biyar za ta dawo. Eirlys ta buɗe ido, yatsunta suka kama hannun rigar sanyinsa, ta ce wani abu da muryar da ta kusa ƙarewa. Ya ji "pa" a farko, zuciyarsa ta yi fari. Ga shi a ƙarshe ta faɗi abin da ya sani, ga aikin da zai iya.

"Yanzun nan, Eir," ya ce. "Yanzun nan zan kawo miki."

Ta riƙe da ƙarfi fiye da yadda ya zata. Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya shiga kicin. Butarsu minti huɗu take ɗauka kafin ta tafasa. Ya ɗumama tukunyar shayin da ruwan zafi kamar yadda take so, ya ɗauko kofinta mai shuɗin fure, ya zuba madara kaɗan. Minti bakwai duka-duka. Da ya dawo idonta a buɗe yake yana kallon ƙofa, hannunta na reto a gefen gado.

A wajen jana'iza ya riƙa gaya wa mutane cewa shayi ne abin da ta nema na ƙarshe. Kowa ya ce Allah sarki, ai Eirlys ke nan. Labarin yana sanyaya masa rai, don haka ya yi ta maimaita shi, har ya isa kunnen Nesta, wadda take zaune a ƙarshen tebur da sandarta tsakanin gwiwoyi.

"Shayi?" ta ce. "Alwyn, mace ta kwana huɗu ba ta haɗiyi ko ɗigon ruwa ba, soso ake jiƙawa ana shafa mata a leɓe, ka ce shayi ta nema? Me ta ce maka daidai?"

"Panad ta ce, Yaya."

"Kai da kunnen nan naka."

Ta juya ta ce wa matar da ke kusa da ita wani abu da Walshanci, matar ta sunkuyar da kai.

Daga ranar barcinsa bai ƙara yin nauyi ba. Direba yana iya rasa kunnen harshe, amma ba ya rasa kunnen inji. In bugu ɗaya ya ƙaru a cikin ƙarar mota zai ji. Panad gaɓa biyu ce. Abin da Eirlys ta faɗa, in ya natsu ya saurare shi a ransa, gaɓa uku ne. Ya rubuta yadda ya ji a bayan wani tsohon tikitin bas, "paida min", ya sa a walat. Ya gwada bugawa a waya, ba ta ba shi komai ba, don Walshanci ba yadda Alwyn ke ji ake rubuta shi ba. Zai iya kiran Nesta, amma gara masa ya haɗiye tikitin. Ko a Fflint ba a rasa masu jin harshen ba, akwai biyu a layinsu. Sai dai in ka tambayi mutum dole ka ga fuskarsa lokacin da yake ba ka amsa. Shi so yake ya tarar da abin da kansa a cikin littafi, a ɗaki, ƙofa a rufe. Wata goma sha huɗu ya yi yana juya tikitin nan kafin ya cike fom ɗin makarantar.

Makarantar tana can yamma, ba nisa da ƙauyen su Eirlys, a wani tsohon ƙauyen masu fasa dutse da ke ƙasan gangare a bakin teku. Babu bas ɗin da ke sauka can. Wannan ya ba Alwyn aikin mako uku, kuma ya ji daɗinsa fiye da yadda ya kamata. Ya baje takardu a teburin kicin, ya ja layi da rula. Jirgin ƙasa daga Fflint zuwa Bangor, bas daga Bangor zuwa Caernarfon, wani bas ɗin zuwa mararraba, sannan tafiyar ƙafa mil uku da akwati. Ya lissafa har da lokacin shiga banɗaki. A bayan takardar kuma, da ƙananan haruffa, ya jera duk hanyoyin komawa gida daga kowace tasha, in ya ji ba zai iya ba. Jerin baya ya fi na gaba tsawo.

Ana saura kwana goma makarantar ta aiko da sunayen ɗaliban da suka yarda a haɗa su don tafiya tare. Kafin ya gama karantawa saƙo ya shigo daga wata Hilary Tranter, tsohuwar shugabar makarantar firamare daga Ingila, wadda ta yi ritaya ta koma wani ƙauye kusa da Dolgellau. Tana da mota, tana da kujera biyu babu kowa, ta riga ta yanke cewa za a haɗu a Caernarfon ranar Lahadi ƙarfe ɗaya a sha shayi a san juna. Na ukunsu wani Marek ne, mutumin Poland mai aiki a gidan kula da tsofaffi, wanda amsarsa ga kowane saƙo hoton babban yatsa ne. Alwyn ya rubuta wa Hilary cewa hanyar da ta zaɓa cike take da taraktoci, ta bakin teku ta fi. Ta amsa, "To, Direba, mun ji." Sunan ya bi shi ke nan.

Ranar Lahadin ana ruwa, irin siririn nan da ba ya ɗaukewa. Alwyn ya isa shagon shayin da ke dandalin ganuwa minti ashirin kafin lokaci, ya zaɓi teburin da ake hango tashar bas ta taga. Hilary ta shigo da jar rigar ruwa da jaka cike da littattafai masu alamomin takarda kala-kala. Marek ya biyo baya, ƙato mai sanƙo, ɗan shekara arba'in da wani abu, yana tafiya a hankali kamar wanda ya saba kada ya tashi mai barci.

Hilary ta je kanta ta yi odar burodi da miya da Walshancinta, jimla doguwa da ta sha gyara. Matar kantar ta saurara har ƙarshe, ta yi murmushi, ta amsa mata da Turanci.

"Kun gani ko?" Hilary ta ce da ta dawo. "Shekara biyu ke nan. Na buɗe baki na sha wahala, su tausaya min su kashe ni da Turanci. Wallahi wata rana sai na ce musu ni 'yar Rasha ce."

"Takalminki ne, Malama," in ji Marek. "Babu 'yar ƙasar nan da ke sa takalmi mai tsabta haka a watan nan."

"Kai kuma da lafazinka kamar ana jan kujera a siminti."

"Amma ni ba sa mayar da ni Turanci. Sun san nawa ya fi nasu lalacewa."

Alwyn ya yi ɗan murmushi. Ya daɗe bai zauna da mutanen da ke tsokanar juna ba.

Da aka gama miyar, Hilary ta buga cokali a kwano. Ta ce tunda daga gobe an hana Turanci har mako ya ƙare, gara kowa ya faɗi dalilinsa yau da harshen da zai iya. Ita ta fara. Maƙwabtanta mutanen kirki ne, sun kawo mata ƙwai, sun gyara mata shinge, amma in ta shiga shago hira tana tsayawa a canza harshe saboda ita, kuma ta gaji da zama baƙuwar da ake share wa kujera. Ta ce tun da mijinta ya rasu babu wanda ya yi mata gulmar kowa, ita kuwa gulma take kewa. Sannan ta juyo.

"Direba, kai fa?"

Alwyn ya dubi kwanukan. Ya miƙe. "Panad?" ya ce.

Suka kwashe da dariya. "Ashe ka iya!" Hilary ta ce. "Ji lafazi, kamar ɗan gari. Munafuki, ka ce ba ka jin komai."

Ya tafi wajen kantar shagon. Ya tsaya ya ga an ɗumama tukunyar, ya jera kofi uku a tire, ya ɗauki lokacinsa. Da ya juyo, Hilary ta riga ta sa Marek a gaba, shi kuma yana magana yana murza gutsurin burodi a yatsa.

"Ni ba da littafi na fara ba," Marek yake cewa. "Tsofaffi ashirin da shida ne a wajenmu, rabinsu Turancin ya gudu ya bar su. Mutum ya yi shekara hamsin yana aikin gidan waya da Turanci, yau ka ce masa ga magani ya dube ka kamar saukarka ke nan daga wata. Abin da na fara koya ba gaisuwa ba ce. In ka gyara musu bargo ka juya za ka fita, sai su kama maka hannun riga. Paid â mynd. Paid â mynd. Safe da yamma, har a mafarki ina ji."

Alwyn ya dire tiren a gefen tebur, shayi ya zuba a faranti.

"Sake faɗa," ya ce.

"Paid â mynd."

Gaɓa uku. Ya zauna, ya ciro walat, ya miƙa wa Marek tikitin. Marek ya karanta, leɓunansa suna motsi, sannan ya ɗago ya dube shi. Mutum ne da ya sha ganin 'yan uwa a bakin gado, ya gane kafin a gaya masa.

"Wa ya ce maka wannan, Baba?"

"Me yake nufi?"

Hilary ce ba ta lura ba. Ta leƙo ta kan kafaɗarsa, idonta ya yi haske irin na ɗalibar da ta san amsa.

"Na sani, kada ka gaya masa! Paid, wato kada. Mynd, tafiya. Kada ka tafi! Darasi na tara ne, jiya-jiyan nan na—"

Sai ta ga fuskokinsu.

"Matata ce," in ji Alwyn. Muryarsa ta fito daidai, irin wadda yake sanar da tasha da ita. "Na ɗauka shayi take so. Ta riƙe ni, na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Minti bakwai na yi."

Hilary ta kai hannu baki. "Wayyo, Alwyn. Ka yafe ni. Ƙila ba haka ta ce ba, ai kalmomin suna kama da juna, kuma mutum in yana cikin wannan hali—" Ta dubi Marek ya taya ta. Marek bai taya ta ba. Ya ajiye tikitin a gaban Alwyn, ya daidaita shi da yatsa, ya bar hannunsa a kan tebur.

Abin ya yi wa Alwyn ciwo yadda babu abin da ya taɓa yi masa, har mutuwar kanta. Wata goma sha huɗu yana zargin haka ne, amma zargi yana barin ɗan wurin numfashi. Yanzu babu. Eirlys tana jin tsoro, ta roƙe shi abu mafi sauƙi a duniya da harshen da ya rage mata, shi kuma mai jiran kowace tsohuwa a tasha ya tashi ya bar ta tana kallon ƙofa. Bai yi kuka ba. Ya ciro takardarsa ya juya bayanta. Akwai bas ɗin Bangor ƙarfe biyu da minti biyar, daga can jirgi, kafin biyar yana gida. Agogon shagon ya nuna biyu saura minti huɗu.

Babu wanda ya taɓa shayin. A waje bas ɗin ya shigo dandali ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Alwyn yana kallonsa ta taga, hannunsa a kan marikin akwati.

"Kai me kake ce musu?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Na'am, Baba?"

"In sun kama ka sun ce haka. Me kake ce musu?"

"Dw i yma," in ji Marek. "Ina nan. Shi ke nan. Sai in zauna, ko na minti biyu ne. Yawanci ba sa son komai bayan wannan."

Direban bas ɗin ya ɗan jira da ƙofa a buɗe, ya duba madubi, ya rufe ya ja. Alwyn ya ninke takardar ya sa a aljihu.

A mota ya zauna a baya, akwatinsa a kan cinya ko da yake akwai wuri a but ɗin motar. Hilary ta bi hanyar bakin teku kamar yadda ya ce, kuma ba ta kunna faifan darasin da ta saba saurara in tana tuƙi ba. Sun wuce gidajen ƙarshe na garin lokacin da suka ji shi yana gwadawa ƙasa-ƙasa, fuskarsa a jikin gilashi.

"Dwi ima."

"Yma," Marek ya ce daga gaba. "Kada ka ja farkon. Sake shi kawai ya faɗo."

"Yma. Dw i yma."

"Ya kusa. Sake."

Ya sake. Ya yi ta sakewa, ruwa yana bin gilashi, tumaki a jiƙe suna wucewa a gefen hanya, duwatsun da Eirlys ta girma a ƙarƙashinsu suna matsowa. Hilary tana tuƙi tana share ido da bayan hannu. Can Marek ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa, Baba. Haka ake faɗa. Ko ɗan gari iyakarsa ke nan."

Alwyn ya duba agogon hannunsa, don halinsa ne. Minti goma sha ɗaya kacal koyon maganar ya ɗauke shi.